Wa Ya Koya Wa Malamin Firamare Kimiyya? Ɗan Tarihi Daga Jos

Da yawanmu muna kukan cewa yaran Arewa na gudun kimiyya, sai mu ɗora laifin kan sakandare ko jami'a. Ni kuwa a ganina tun a aji uku na firamare ake yanke wannan hukunci, a hannun malamin da ba a taɓa ba shi damar gwada abin da yake koyarwa ba. Bari mu ɗan waiwayi yadda aka zo nan.

Da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, abin da suke nema shi ne malaman da za su koyar da Turanci da lissafi da ladabi. A nan kusa da mu aka buɗe makarantar horon malamai ta Toro a ƙarshen shekarun 1920, sannan mishan ɗin SUM suka kafa ta Gindiri a 1934. Kimiyyar da malamin elemantare ya sani a lokacin ba ta wuce tsabtar jiki da aikin gona da sanin tsirrai da dabbobi ba. Abin mamaki, a daidai wannan zamanin ne kamfanonin Turawa ke wanke kuza a kogin Dilimi da ruwa da injuna. Kimiyya na aiki a bakin kogi, amma ba ta shiga aji ba.

Bayan samun 'yancin kai aka fara sauya tunani. A 1965 aka yi wani taro a Kano wanda ya haifar da shirin koyar da kimiyya a firamaren Afirka, wato APSP, da tallafin Amurka. Manufarsa a fili take: yaro ya taɓa, ya gwada, ya yi tambaya, kuma da kayan da ke unguwarsu, ba sai an jira akwati daga Ingila ba. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ɗauko wannan hanya a shirin PEIP, tare da UNICEF da UNESCO. Suka rubuta littattafai, suka ba Hausa muhimmanci a ƙananan azuzuwa, suka kuma tura masu horarwa suna bin malami har cikin ajinsa. Wannan bibiyar ita ce ƙashin bayan shirin. A lokacin ne kuma ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, wadda aka kafa a 1957, ta fito da haɗaɗɗiyar kimiyya don ƙananan azuzuwan sakandare.

To, ina aka kwana? Sai ga UPE a watan Satumba na 1976. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Abin farin ciki ne, amma fa dole aka koma horon gaggawa, aka cika azuzuwa da malaman da ba su gama nuna ba. Malamin da ke gaban yara tamanin, babu kaya, babu mai duba shi, me zai yi? Sai ya rubuta a allo, yara su kwafa su haddace. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta yi ƙoƙarin cike giɓin da karatu daga nesa, daga baya kuma aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kwalejoji irin na Pankshin da Gindiri suka ɗauki nauyin. Takarda ta ƙaru, amma gwaji da hannu bai ƙaru daidai da ita ba.

A 2006 aka sake gwadawa da shirin SMASE, da haɗin gwiwar Japan, kuma Filato na cikin jihohi uku na farko tare da Kaduna da Neja. Me suka zo da shi? Yaro ya yi aiki da hannunsa, malami ya ƙirƙiri kayan koyarwa daga abin da ya samu. Kusan maganar Kano ta 1965 ce aka maimaita bayan shekara arba'in.

Darasin da na gani shi ne, ba dabara muka rasa ba, ɗorewa muka rasa. In mai tallafi ya tafi, bibiya ta tsaya, malami ya koma gidan jiya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin da yawanmu aji za a tura mu lokacin bautar ƙasa, wasu ma can za su zauna. Don Allah kada mu ce babu ɗakin gwaji. A Dilimi kaɗai, wajen masu kayan mota, akwai waya da ƙwan fitila da tsofaffin lasifikoki masu maganaɗisu a ciki. Da batirin tocila da waya da ƙwan fitila an gama darasin lantarki. Kwano da yashi da ruwa sun isa nuna yadda mai nauyi ke kwanciya ƙasa, wato dabarar da iyayenmu suka yi ta wanke kuza da ita. Masu lambun bakin kogi kuwa sun san tsiro fiye da zanen allo. In yaro bai gane da Turanci ba, a yi masa bayani da harshen da yake ji, ba laifi ba ne.

Waɗanda suka yi koyarwar gwaji a firamare, me kuka tarar a ajin kimiyya? Ku faɗa mana.