Kafin Zuwan Lasifika: Tarihin Kiɗan Zaure da na Tsakar Gida



Akwai wani yayi da matasanmu masu aiki a Abuja suka fara kawo labarinsa gida. Mutum zai gayyato mawaƙi guda ɗaya da jitarsa zuwa falonsa, a dafa abinci, abokai goma sha biyar ko ashirin su zauna a ƙasa su saurara, ba lasifika ba janareto. Suna cewa daga Turai abin ya zo, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don a shekarar 2009 wasu abokai a birnin Landan suka fara shirya irin wannan zama a ɗakin ɗaya daga cikinsu, abin ya bunƙasa ya zama kamfanin Sofar Sounds da ke shirya shi a birane masu yawa na duniya. Sai dai duk dattijon unguwar nan da ka kwatanta masa wannan zama, murmushi zai yi. Ya san shi tun kafin a kawo wutar lantarki layinsu.

Garin nan ba baƙon kiɗa ba ne. Lokacin da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa ya sauka wajen Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825 ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828, wato garin da aka mayar Suleja a 1976 don girmama Sarki Sulaimanu Barau bayan an ba sabon babban birnin tarayya tsohon sunanmu. Tun da ba a taɓa cin garin da yaƙi ba har zuwan Turawa a 1902, sarautu da al'adun fadar Zazzau ta dauri sun zauna a nan yadda suke. Abin da ya sa ke nan M. G. Smith, da ya tashi rubuta tarihin mulkin Zazzau, ya dogara da tsarin Abuja don gane yadda Zariya take kafin jihadi.

To amma kiɗan fada ba shi ne zancenmu ba. Tambari da kakaki na sarki ne, talaka ba ya kiran su gidansa ko da yana da kuɗin. Haka kiɗan sana'a yake da masu shi: kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma, kiɗan maƙera na maƙera. Akwai kashi na uku da masu rubuta tarihi ba su cika tsayawa a kansa ba saboda ba shi da hayaniya, wato kiɗan hira. Shi ne wanda ake yi bayan sallar isha'i a zauren mai gida, ko a tsakar gida wajen mata, kuma kayansa ma daban suke.

Ku dubi kayan da kansu. Gurmi ɗan ƙoƙo ne da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya. Garaya tsirkiya biyu gare ta, molo uku. Kukuma ƙanwar goge ce, tsirkiyarta ɗaya, da izgar doki ake goga ta. Kuntigi kuwa, wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi, gwangwanin kifi ne aka lulluɓe da fatar akuya aka sa masa tsirkiya guda. Babu ko ɗaya a cikinsu da muryarsa za ta cika fili. Daidai faɗin zaure aka ƙera su, inda mutum goma sha biyu za su zauna a kan tabarma kowa ya ji kowace kalma. Wanda ya ƙera gurmi bai taɓa tunanin mutum dubu ba.

Yadda zaman yake kuwa, mai gida ne zai aika a kira makaɗi, ko makaɗin ya biyo hanya a matsayin baƙo a sauke shi. Abinci ake fara fitowa da shi. Tuwon shinkafa ko na dawa, wani lokaci sakwara tun da Allah Ya haɗa mu maƙwabtaka da Gbagyi manoman doya, ga fura a ƙwarya, ga ruwan randa, sannan a fasa goro ya zaga. Ba a sa makaɗi ya taɓa tsirkiya da yunwa, wannan abin kunya ne ga mai gida. Idan aka ci aka wanke hannu, sai ya fara da gaida mai gida da iyayensa, ya bi mazauna zauren ɗaya bayan ɗaya da kirarin sana'arsu. Wanda aka taɓa sai ya yi kyauta gwargwadon hali, wani sule, wani hula, wani ya tuɓe riga, wani ya ce gobe a zo a ɗauki damin dawa. Babu tikiti, babu ciniki kafin a fara. Amma kowa ya san abin da ya kamace shi, kuma marowaci ya san abin da zai biyo baya.

A nan ne muke ganin ƙaramin taro ya fi babba wuya ga mawaƙi. A fili, ganga da ihu suna rufa wa mai raunin baiti asiri. A zaure kuwa babu wurin ɓuya. Idan ya ɓata asalin wani, kawun mutumin yana zaune a gefe zai gyara masa nan take. Idan ya yi habaici, kowa ya san inda aka nufa, saboda haka dole ya auna kalmarsa kada zumunci ya lalace. Wannan ce makarantar da yaran makaɗa suke koyo a cikinta, daga ɗaukar jaka zuwa amshi, daga amshi zuwa ranar da ubangida zai ce ya gaji, yaro ya karɓa.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Ba kowane zaure ne yake karɓar kowane kiɗa ba. Goge da garaya sun daɗe da alaƙa da bori, goge kuma daga baya ya yi ƙaurin suna a gidajen mata masu zaman kansu, don haka gidajen malamai da yawa ba sa barin su ƙetare ƙofa. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, ya girmi kowa a cikinmu. Sai dai ko waɗannan gidaje ba su rasa nasu zaman ba. A watan Maulidi ana taruwa a karanta Ishiriniya da murya mai daɗi har dare ya raba, a ci waina a sha kunu. Makafi masu rera Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya su ma ana tsayar da su a ƙofar gida a saurara, a ba su sadaka. Sannan shi makaɗin kansa, duk da ana son waƙarsa, ba a ɗauke shi sa'an mai gida ba. Kusa da ƙofa yake zama, kuma ba kowa ne zai ba shi 'yarsa ba. Wannan ma yana cikin tarihin.

Idan ana neman ainihin masu wannan al'ada, to mata ne. Namiji yana da dandali da kasuwa da fada. Matar aure da ke cikin kulle ba ta da wurin kiɗa sai tsakar gidanta, sai ta mai da kayan girkinta kayan kiɗa. A kife ƙwarya a kan ruwa a cikin babban masaki a buga da 'yan sanduna, wata ta ɗauko shantu tana buga shi a cinya, wata ta yi luguden taɓarya a turmi. Ranar suna ko wunin biki, ƙawaye su zo kowa da ƙwaryar abincinta, a rufe ƙofa, namiji ko mai gidan ne iyakarsa zaure. A cikin waɗannan waƙoƙi ake faɗa wa kishiya magana, a yi wa miji marowaci shaguɓe, a koya wa amarya abin da uwarta ba za ta iya faɗa mata baki da baki ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin waɗannan bukukuwa na ƙasar Zazzau, har da yadda mace ke da ƙawar biki da suke rama wa juna gudummawa. Daga irin wannan tsakar gida kiɗan amada ya fito fili. Marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ba ta canja kayan aiki ba har ƙarshen rayuwarta: ƙwarya ce da muryoyin mata 'yan amshi, ko da a gaban gwamnoni take wasa.

Akwai kuma ajo, wanda ya nuna cewa zaman ba na nishaɗi kaɗai ba ne. Wanda zai yi aure hannunsa bai kai ba, ko wanda gobara ta cinye wa rumfa, sai ya kira makaɗi ya gayyaci abokai, a ci a sha, kowa ya ba da gudummawa maroƙi yana shelanta sunansa da abin da ya bayar. Mutum ya fita daga ƙunci ba tare da ya yi bara ba. Abin mamaki, baƙaƙen fatar Amurka sun yi kusan irin wannan a unguwar Harlem ta birnin Niyok a shekarun 1920. Haya ta yi musu tsada, sai mai ɗaki ya kira mai kaɗa fiyano, ya dafa abinci, maƙwabta su biya 'yan kuɗi kaɗan a ƙofa, da safe a kai wa mai gida kuɗin hayarsa. Manyan makaɗa irin su Fats Waller sun yi wasa a irin waɗannan ɗakuna. Mu da muka san abin da ake biya na ɗaki ciki da falo a Suleja yau, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

To me ya kashe zaman? Ba rediyo ba ne, a ganinmu. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, shi ne ma ya sa sunayen masu ƙananan kaya suka shiga kowane gida: Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam da Garba Supa da kukuma, Haruna Uji na Haɗeja da gurmi, Ɗan Maraya da kuntigi. Direbobin da ke bin hanyar Kaduna suna yada zango a garin nan sun san waƙar Karen Mota kamar sunansu. Kaset ma bai kashe shi ba, sai dai ya rage, don mai shayi ya samu abin da zai kunna wa abokan hira ba sai ya ciyar da kowa ba. Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1990, lokacin da fiyano kirar Yamaha ta shiga waƙoƙin finafinan Hausa. Yaro ɗaya a ɗakin ɗaukar sauti yana fitar da muryar ganga da goge da sarewa da yatsunsa. Daga nan sai DJ ya karɓe biki, sai ɗakin taro na haya ya karɓe shi daga tsakar gida.

Mu a Suleja muna da ƙarin dalilai namu. Tun da gwamnatin tarayya ta dawo Abuja a Disambar 1991, sannan rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 ya koro dubban mutane zuwa nan da Madalla, kowane taƙi na ƙasa ya zama kuɗi. Ku bi layukan Bagama ku ƙirga zaurukan da aka fasa wa ƙofa ta waje aka mayar shagon caji ko na kayan masarufi. Tsakar gidan da ake shanya da daka an yanka ta ɗakunan haya. Ba ma ganin laifin kowa, iyali sai sun ci. Amma wurin zaman ne ya fara tafiya kafin makaɗin. Sai kuma 2011, shekarar da bom ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a watan Afrilu, wani ya tashi a cocin Madalla ranar Kirsimeti, aka sa ƙaramar hukumar Suleja cikin dokar ta-ɓaci. Duk wanda ya zauna a garin nan a lokacin ya san yadda hirar dare ta mutu, kuma ba ta dawo yadda take ba.

Abin da ke damunmu shi ne gado. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Waƙoƙinsu suna cikin wayoyinmu, ba za su ɓace ba. Abin da zai iya ɓacewa shi ne hannun da ya san yadda ake ɗaure tsirkiyar gurmi da yadda ake jeme fatar da za a rufe ƙoƙon goge, domin wannan ba a koyonsa a waya. Mai gurmi ba zai iya gasa da lasifikar DJ a ɗakin taro ba, ba a kiransa can, kuma ɗansa da ya ga uban ba ya samun ko na cefane, acaɓa zai kama. Ƙaramin zama na gida shi ne kasuwar da aka gina sana'arsa a kanta tun asali.

Saboda haka ba mu ga abin dariya a yayin da matasanmu suka kawo ba. Abin da muke cewa kawai, wanda zai shimfiɗa tabarma a falonsa ya dafa wa abokai ashirin abinci, ya tuna akwai masu kukuma da gurmi da ke yawo a tashoshin mota da kasuwanninmu suna kiɗa don a ba su na abinci, kuma kuɗin hayar lasifika da man janareto na dare ɗaya zai sallami ɗayansu ya tafi yana godiya. A sanar da maƙwabta tun da rana, a tashi kafin dare ya yi nisa, a bar wa mata nasu ɓangaren idan gidan haka yake.

Muna kuma roƙon iyayenmu maza da mata da suka tuna sunayen makaɗa da zabiyoyin da suka yi wasa a zaurukan Bagama, da gidajen da ake sauke su, su faɗa wa 'ya'yansu a rubuta a kawo mana ranar taron wata, mu haɗa su a littafin ƙungiya.