Daga Zauren Malam Zuwa Palermo: Tarihin Kano a Tsibiran Bahar Rum

Manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke zagaya Bahar Rum suna da tsari kusan iri ɗaya. Jirgi ya kwana yana tafiya, da asuba ya tsaya a wata tasha, fasinjoji su sauka su shiga gari na awa shida ko takwas, kafin magariba kowa ya dawo a ɗaga. Palermo a tsibirin Sisili da Valletta a tsibirin Malta suna cikin tashoshin da aka fi tsayawa. A 'yan shekarun nan ana samun likitoci da ma'aikatan banki da 'yan kasuwa daga Arewa a cikin waɗannan fasinjoji. Takardun tallan kamfanonin suna nuna musu kufan Rumawa da Girkawa da majami'u da rairayin bakin teku, sai mutum ya sauka yana kallon komai a matsayin tarihin wasu. Alhali wanda ya taso a Gwarzo ko Kabo yana da rabo a cikin tarihin waɗannan tsibirai, kuma awa shidan nan ba za ta yi masa albarka ba sai ya san inda rabon nasa yake.

Palermo da littattafan zaure

Almajirin ilimi a zaurukan Gwarzo da Getso da Kabo da Garo yana bin jerin littattafan fiƙihu da aka gada: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar na Shehu Halil, wanda a kansa alƙalan ƙasar Hausa suka dogara shekaru aru-aru. Dukansu na mazhabar Imamu Malik ne, kuma tarihin wannan mazhaba ya ratsa ta Sisili.

A shekarar 827 rundunar Banu Aglab, sarakunan Ƙairawan ta Tunisiya, ta ƙetare teku ta sauka a garin Mazara da ke kudu maso yammacin tsibirin. Jagoranta ba sojan sana'a ba ne, alƙali ne dattijo mai suna Asad bin Furat. Ya yi karatu a Madina wajen Imamu Malik, ya je Iraƙi, sannan ya zauna da Ibnul Ƙasim a Masar ya tattara amsoshinsa a littafin da ake kira Asadiyya. Wannan littafi ne Sahnun ya koma da shi wajen Ibnul Ƙasim aka gyara, ya zama Mudawwana, uwar littattafan Malikiyya. Asad ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa da yaƙi. Palermo ta faɗa hannun Musulmi a 831, ta zama babban birnin tsibirin. Lokacin da matafiyi Ibnu Hauƙal ya ziyarce ta a 973, ya ƙirga masallatai kusan ɗari uku.

Akwai wata alaƙar da ta fi wannan kusa. A gabatarwar Muhtasar, Shehu Halil ya ambaci malamai huɗu da yake dogara da rinjayarwarsu: Lahmi, Ibnu Yunus, Ibnu Rushd da Maziri. Biyu daga cikinsu suna ɗauke da sunan wannan tsibiri. Ibnu Yunus, wanda ya rasu a 1059, ana yi masa laƙabi da Assiƙilli, wato mutumin Sisili. Maziri kuwa, wanda ya rasu a Tunisiya a 1141, asalin gidansu Mazara ne, garin da Asad ya sauka. Duk malamin da ya fassara wa ɗalibansa mas'alar gado ko ciniki daga Muhtasar a yammacin Kano, da hannun mutanen Sisili a cikin abin da yake karantarwa.

Normawa, waɗanda suka fito daga arewacin Faransa, sun ƙwace Palermo a 1072, amma sun daɗe suna riƙe da magatakarda da magina da masana Musulmi. A fadar Sarki Roja na Biyu ne Idrisi ya kammala taswirar duniya da littafinsa na labarin ƙasa a 1154, inda ya bayyana Gana da Gawo da Kanem. Ƙarshen zaman bai yi daɗi ba. Daga shekarun 1220 Sarki Firedarik na Biyu ya kwashe ragowar Musulmin tsibirin zuwa Lucera a cikin Italiya, kuma a 1300 aka tarwatsa wannan al'umma gaba ɗaya.

Abin da ya rage ana iya ganinsa da ƙafa daga tashar jirgi. Unguwar Kalsa da ke bakin teku sunanta daga Alhalisa ne, ganuwar da aka gina a 937. Babbar majami'ar birnin tana zaune ne a gurbin babban masallacin Jumma'a, wanda shi ma a gurbin wata tsohuwar majami'a aka kafa shi, kuma a jikin wani ginshiƙi na shirayinta har yau akwai ayar Alƙur'ani da aka sassaƙa. Rufin ƙaramar majami'ar da ke cikin fadar Normawa aikin masassaƙa ne irin na ƙasashen Musulmi. A 2015 UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin jerin kayan tarihin duniya.

Malta, inda Laraba take Laraba

Tafiyar dare ɗaya ce daga Palermo zuwa Malta. Jirgi yana shiga babbar tashar Valletta a ƙarƙashin ganuwoyin dutse masu ruwan zuma, kuma 'yan jagora sukan fara da labarin Jaruman Yahaya Mai Tsarki, ƙungiyar mayaƙan Kirista da Sarki Sharl na Biyar ya ba tsibirin a 1530. Ba kasafai ake ƙarasa labarin ba: kyautar ta haɗa da Tarabulus, tashar da ayarin Kano ke ƙarewa. Jaruman sun riƙe ta har 1551, lokacin da Turkawan Usmaniyya suka kore su. A 1565 Turkawan suka kewaye Malta kanta wata huɗu ba su ci nasara ba, kuma a shekarar da ta biyo aka aza harsashin Valletta.

Abin da zai fi ɗaukar hankalin Bahaushe a Malta a kunne yake. Larabawa sun ci tsibirin a 870, kuma harshen da mutanensa ke yi har yau daga Larabcin Sisili ya tsiro, ko da yake Kiristoci ne 'yan Katolika kuma da haruffan boko suke rubuta shi. Sunan Ubangiji a bakinsu Alla, azuminsu na kafin Ista kuma Randan, daga Ramadan. Ranakun mako su ne it-Tnejn, it-Tlieta, l-Erbgħa, il-Ħamis, il-Ġimgħa, is-Sibt da il-Ħadd, wato Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Jumma'a, Asabar da Lahadi. Mai kanti ya ce ħamsin ko sittin, ɗan Kabo ba ya bukatar tafinta. Hausa da harshen Malta ba su taɓa zama maƙwabta ba, amma rijiya ɗaya suka ɗebi waɗannan kalmomi, ɗaya daga kudancin Sahara, ɗaya daga arewacin gaɓarta.

Tsohon babban birnin tsibirin sunansa Mdina, unguwar da ke bayan ganuwarsa kuma Rabat. A gidan tarihi na tsibirin Gozo, ƙanen Malta, akwai dutsen kabarin wata yarinya Musulma mai suna Maimuna, da rubutun Kufi mai ɗauke da shekarar 1174. Ƙarƙashin Jaruman kuwa Valletta ta zama kasuwar bayi, akasarinsu Musulmin da aka kama a teku, har Napoleon ya 'yanta su a 1798. A ɗaya gaɓar, 'yan fashin teku na Tarabulus da Tunis suna yi wa Kiristoci irin haka, ayarin Sahara kuma yana kai bayi daga ƙasashenmu.

Bahaushen da ya riga kowa ba da labari

Ɗaya daga cikin waɗanda cinikin bayin ya rutsa da su shi ne ya bar mana labarin ƙetare wannan teku da harshen Hausa. Dorugu yaro ne daga Dambanas a ƙasar Damagaram. An kama shi, aka yi ta sayar da shi har Kukawa ta Barno, inda Bajamushen nan Adolf Overweg ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim. Sun bi shi har Tambutu, suka biyo ta Kano a 1854, suka ratsa hamada ta Bilma da Murzuk, suka isa Tarabulus a ƙarshen Agustan 1855.

Daga nan suka shiga jirgin ruwan gwamnatin Turkiyya zuwa Malta, suka ɗan tsaya, suka hau wani zuwa Marseille, suka ratsa Faransa ta Paris, suka sauka Landan ranar 6 ga Satumba. A Ingila wani limamin mishan, J. F. Schön, ya rubuta labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa. Da taimakonsa ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, labarin kansa kuma ya fito a cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo a 1864, ya yi aikin tafinta shekaru da yawa, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a Kano a 1912. Abbega ya zama sarkin Lokoja. Don haka wani yanki na farkon rubutun Hausar boko ya fito ne daga bakin yaron da ya tsaya a tashar da jiragen shaƙatawa ke tsayawa yau.

Tashar da ba a tsayawa

Jiragen yawon ba sa zuwa Tarabulus saboda halin da Libiya ke ciki, amma ita ce mahaɗar labarin. A ƙarni na 19 fatake daga Gadamas da Tarabulus suna da gidaje a Kano, a Dandalin Turawa da Alfindiki kusa da Kasuwar Kurmi. A lokacin, kalmar Turawa su take nufi. Ayari yana tashi ta Damagaram da Agadas da Gat, ya yi watanni kafin ya ga teku. Barth, wanda ya fara shiga Kano a Fabrairun 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan ɗari uku, kuma ya ce suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Jar fatar akuya da aka jeme a Kano da Sakkwato ta shiga kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko. Birni shi ne ya yi suna, amma awaki da auduga da baba daga karkara suke shigowa, kuma ƙasashen Gwarzo da Kabo da Ƙaraye suna cikin karkarar da ke ciyar da Kurmi.

A dawowa raƙuma suna ɗauko alharini da duwatsun ado na Venice da madubai da takarda. Wanda ya ɗaga tsohon littafin hannu na gidan malamai ya haska shi da rana, sau da yawa zai ga tambarin jinjirin wata uku a cikin takardar. Aikin masana'antun arewacin Italiya ne, musamman na gidan Galvani da ke yankin Pordenone. Ke nan hukuncin da malaman Sisili suka rinjayar an kwafe shi a ƙasar Hausa a kan takardar Italiya.

Shekara ɗaya ta yanke wannan igiya. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma a Oktoban shekarar Italiya ta kai wa Tarabulus hari. Fata da gyaɗa suka juya kudu zuwa Tekun Atlantika da Liverpool. Ko Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya tafi aikin Hajji a 1921, ta Ikko da Ingila ya bi. Cikin tsara biyu Bahar Rum ta fita daga tunanin Bakano, ta koma wani wuri mai nisa da ake karantawa a darasin labarin ƙasa.

Tsohuwar hanya, sababbin matafiya

Hanyar ba ta mutu ba. Motoci sun maye gurbin raƙuma daga Agadas zuwa Sabha da gaɓar Libiya, kuma matasan Afirka ta Yamma, har da na Arewa, suna bin ta da burin aiki a Libiya ko ƙetarawa Turai. Tsibirin da kwale-kwalensu ke nufa shi ne Lampedusa, wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. Ranar 3 ga Oktoban 2013 wani jirgi ya nutse a gabansa, mutum fiye da 360 suka halaka, yawancinsu 'yan Eritiriya. A gaɓar tsibirin akwai wata ƙofa da aka gina a 2008 don tunawa da waɗanda teku ta ci, ana kiranta Ƙofar Turai. Jirgin shaƙatawar da ke tsakanin Palermo da Valletta yana ratsa wannan teku ne da dare, fasinjojinsa na barci. Bambancin waɗanda ke samansa da waɗanda ke cikin kwale-kwalen roba shi ne bizar Shengen da kuɗin tikiti.

Wanda Allah ya hore wa wannan tafiya yana da zaɓi a kowace tasha. A Palermo zai iya barin motar 'yan yawo ya taka zuwa Kalsa, ya nemi ginshiƙin nan mai aya a ƙofar majami'a. A Malta motar haya ta kusan rabin awa za ta kai shi Mdina, inda zai ji ana kiran ranakun mako da sunayen da ya sani tun yana yaro. Idan ya dawo gida ta hanyar Kabuga da Rimin Gado, akwai tsarabar da ta fi turare: ya shaida wa malamin unguwarsu cewa ya taka ƙasar Ibnu Yunus da Maziri, ya roƙe shi ya fito da tsohon littafin kakansa su haska takardar tare.