Gammon Matan Kwechan

 Daga Yuma ta jihar Arizona nake rubuto muku. A nan na ga gammo kamar na Inna, amma na matan Kwechan ne, mutanen bakin kogin Kolorado. Da ɓawon itace suke naɗa shi, su ɗora tulu ko kwandon masara da wake daga gonakin da ambaliya ke jiƙawa kowace shekara. A 1884 gwamnatin Amurka ta keɓe su a Fort Yuma. A 1909 aka gama dam ɗin Laguna, daga baya na Hoover ya tsayar da ambaliyar. Noman fadama ya mutu, gammo ya zama kayan tarihi. Don Allah ku adana mini na Inna, kada a yar.