Shapiro-Wilk Ba Shi Ne Alƙali Ba

Wata ƙa'ida ta zama ruwan dare a kundayen digiri na biyu: kafin ka kwatanta rukuni biyu, ka fara da gwajin Shapiro-Wilk, in ya ce alƙaluman sun bi siffar ƙararrawa, sai gwajin t, in ya ƙi, sai Mann-Whitney. Asalin gwaje-gwajen sananne ne (gwajin t na Gosset 1908, Mann da Whitney 1947, Shapiro da Wilk 1965). A ganina, an ɗora wa na ƙarshen kayan da suka fi ƙarfinsa.

Da mutum 12 a kowane rukuni, yakan kasa gano karkata ko da tana nan. Da mutum 2,000 kuwa, sai ya kama 'yar karkatar da ba ta yi wa gwajin t lahani, tunda matsakaicin babban samfuri da kansa yake kusantar siffar ƙararrawa. Kare ne da ke barci sa'ad da ɓarawo ya shigo, ya yi haushi da rana tsaka.

Mai kare ƙa'idar zai ce, ai komawa Mann-Whitney ba asara ba ce: ko alƙaluman sun bi ƙararrawa, ƙarfinsa ya kai kusan kashi 95 cikin 100 na gwajin t. Lissafinsa daidai ne. Amma tambayar ce ta sauya ba tare da an sani ba. A ɗauki kuɗin shigar manoma, 'yan ƙungiya da waɗanda ba su shiga ba. Gwajin t yana tambayar bambancin matsakaici, wanda shi ne mai tsara kasafi ke bukata, har da manyan manoman nan biyu-uku da suka ja wutsiyar alƙaluman. Mann-Whitney kuwa jeri yake dubawa: in an zaɓo manomi ɗaya daga nan, ɗaya daga can, wa zai fi? Rukunan na iya yin daidai a matsakaici, shi kuma ya ce sun bambanta. In warwatsuwarsu ce ta sha bamban, gyaran Welch (1947) na gwajin t ya fi dacewa.

Sai dai dole in rage da'awata. Inda bayanan amsar tambaya guda ce a ma'aunin Likert mai mataki 5, tazarar da ke tsakanin "na yarda" da "na yarda ƙwarai" ba a san girmanta ba, kuma Mann-Whitney ya fi kusa da gaskiya. Ko a nan ma, irin ma'aunin ne ya yanke hukunci, tun kafin a buɗe manhajar SPSS.