Allon Laka da Allon Katako: Ranar da Rubutu Ya Koma Kayan Ado

A wannan makon na ɗan jingine labaran ƙirƙira, zan ja ku zuwa wani tarihi da ya faro daga ƙasar Iraƙi, amma ƙarshensa yana cikin zaurukanmu na Dambatta da Bichi da Minjibir da Makoɗa.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada ta sayen kwaikwayon tsofaffin allunan laka na mutanen Iraƙin dā, a kai gida a ɗora kan kanta ko teburin falo. Rubutun da ke jikinsu shi ne Larabawa ke kira "mismari", wato mai kama da ƙusa, domin kuwa da bakin kara ake danna shi a jikin ɗanyar laka. An fara shi a birnin Uruk wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma mafi yawan abin da aka fara rubutawa lissafi ne na hatsi da tumaki da ladan ma'aikata. Ɗaya daga cikin allunan da aka fi son kwaikwayonsu a yau ma wasiƙar ƙorafi ce daga birnin Ur, wadda wani mai suna Nanni ya aika wa ɗan kasuwa Ea-nasir wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, yana kukan an ba ɗan aikensa jan ƙarfe marar kyau, an kuma wulaƙanta shi. Ka ji fa, mai karatu, rigimar kasuwa ba yau aka fara ba.

To amma cikin masu ajiye waɗannan alluna a falo, da wuya ka sami wanda zai karanta ko da layi guda. Wannan kuwa tsohon ciwo ne. Bayan an shafe fiye da shekara 3,000 ana amfani da rubutun, sai haruffan Aramiyanci, masu sauƙin koyo, suka riƙa ture shi sannu a hankali, har ya zamana 'yan malaman taurari kaɗai suka rage da shi. A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa aka rubuta allunan ƙarshe da aka sani. Daga nan shiru, na kusan shekara 1,800. Allunan suna nan a ƙarƙashin ƙasa, masu karanta su ne suka ƙare.

Sai a ƙarni na 19 Turawa suka tono su. A kangon Ninawa, birnin mutanen Annabi Yunusa (AS) da ke daura da Mosul, aka samu taskar Sarki Ashurbanipal, alluna da gutsattsari wajen 30,000, waɗanda wutar da ta cinye birnin a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa ta gasa da yawansu kamar tukwane. Aka kwashe su zuwa gidan tarihi na Landan. Sai a 1857 aka tabbatar an gano bakin zaren karatun, lokacin da aka ba masana huɗu rubutu ɗaya kowa ya fassara shi kaɗai, fassarorin suka zo kusan iri ɗaya. A 1872 George Smith ya karanta wani allo mai labarin ruwan ɗufana da jirgi, wanda ya yi kama da ƙissar Annabi Nuhu (AS), duniya ta ɗauka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne allunan 'yan makaranta. A birnin Nippur an tono wani ƙaramin gida mai alluna sama da 1,400 na almajirai. Malami yakan rubuta darasi a gefen hagu, yaro ya kwaikwaya a gefen dama, ya shafe, ya sake, har sai ya zauna masa. In allo ya gama aiki a jiƙa shi a sake murza wani. Duk wanda ya taɓa zama gaban wutar tsangaya ya san wannan tsari: a yi maka rubutu, ka biya, ka haddace, ka wanke, a ƙara maka gaba.

Mu ma muna da allon da ba a wankewa, shi ne allon zayyana. A ƙauyukan arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, gida na hango gida, babu unguwar da ba ta da makarantar allo. Idan yaro ya yi sauka, sai a kai allo wurin mai zayyana, ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ya ƙawata shi da tawada ja da rawaya da kore. Ranar walima yaro ya karanta a gaban malamai da dangi, daga nan a rataye allon a ɗaki. Ado ne, babu shakka, amma ado ne mai shaida, kowa ya gan shi ya san a gidan nan akwai wanda ya sha wuyar karatu. Yau kuwa ana zana irinsa musamman don baƙi masu sayen tsaraba a kasuwar Kurmi, kuma tsofaffin na asali da yawa sun tsallaka teku suna rataye a gidajen da ba a san inda Fatiha ta fara ba.

Ba na jin tsoro game da Alƙur'ani, domin Allah Ya yi alkawarin tsare shi, kuma alarammomi da gwanaye na ɗauke da shi a ka. Tsorona yana ga ajami, wato Hausar da kakanninmu suka rubuta da haruffan da suka koya a kan allo. Da shi aka rubuta waƙoƙin Nana Asma'u da Imfirajin Aliyu Namangi, da shi manomi ke rubuta bashi da jinginar gona da ranar haihuwar 'ya'yansa da wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa da ya tafi cirani. Tun da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, boko ke cin gaba, ajami na ja da baya, kamar dai yadda Aramiyanci ya yi wa rubutun ƙusa. A 2007 aka cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma sabuwar naira 100 ta fito babu shi. Matashi zai karanta maka shafin Alƙur'ani tsaf, amma miƙa masa wasiƙar kakansa ka ga yadda zai yi ta inda-inda.

Bambancinmu da mutanen Iraƙi shi ne, su laka suka bari, wadda wuta ke ƙara wa ƙarfi. Mu takarda da katako muka gada, abincin gara da ɗigar damina. Ba za su jira mu shekara 1,800 ba. Gidan Arewa na Kaduna da Jami'ar Bayero sun adana rubuce-rubuce masu yawa, Jami'ar Boston ma ta ɗauki hotunan wasu ta sa a intanet, amma abin da ke cikin gafaka da tsofaffin akwatuna a ƙauye babu mai kula da shi sai masu gidan.

Don haka shawarata ga 'yan'uwa marubuta da masu karatu ita ce, duk wanda ya je gida hutun sallah ya nemi dattijon da ke karanta ajami, ya buɗe akwatin nan, ya ɗauki hoton kowace takarda da wayarsa, ya naɗi muryar tsohon yana karantawa, sannan ya zauna ya koya. Ga wanda ya yi makarantar allo, 'yan makonni sun isa. Allon zayyana kuma a bar shi a inda yake rataye, a rubuta sunan mai shi da shekarar saukarsa a baya, kada a sayar.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.