Darasin rijiyoyi biyu na garin Woburn

Woburn ƙaramin gari ne a jihar Massachusetts ta Amurka, kusa da Boston, garin majema da masana'antu tun da daɗewa. A 1964 hukumar garin ta haƙa foraj a bakin kogin Aberjona don ƙara ruwan pompo, ta sa masa suna G. A 1967 aka ƙara wani, H. Ba a jima ba mutanen gabashin garin suka fara kuka: ruwan yana wari, ga ɗanɗano marar daɗi. Hukuma ta ce ruwa lafiya lau yake.

A 1972 wani yaro ɗan shekara 3 ya kamu da kansar jini. Uwarsa ta lura cewa a asibitin Boston tana gamuwa da maƙwabtanta, su ma da ƴaƴansu masu ciwo iri ɗaya. Ta zargi ruwa, amma ba wanda ya saurare ta. Sai a watan Mayu na 1979 aka auna ruwan rijiyoyin, aka samu TCE, wani sinadari da masana'antu ke wanke maiƙon ƙarfe da shi. A rijiyar G an samu mikrogaram 267 a cikin lita guda, alhali dokar Amurka ta yau ba ta yarda a wuce 5 ba. Nan take aka rufe su, bayan an yi shekara 15 ana sha.

Sharrin TCE shi ne ya fi ruwa nauyi. In an zubar da shi a ƙasa sai ya nutse ya kai ga ruwan ƙarƙashi, ya zauna shekaru aru-aru yana narkewa kaɗan-kaɗan. Ido ba ya ganinsa, kuma ruwan jabel da ke kashe ƙwayoyin cuta ba ya fidda shi.

Binciken hukumomin lafiya ya ƙirga yara 12 masu kansar jini tsakanin 1969 da 1979, inda ake tsammanin wajen 5. A 1982 iyalai suka kai ƙarar kamfanonin W.R. Grace da Beatrice Foods. A 1986 kotu ta wanke Beatrice, Grace kuma ya sasanta da iyalan a kan dala miliyon 8. Yaron nan bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 1981. A 1997 binciken ma'aikatar lafiyar jihar ya nuna haɗarin ya fi yawa ga yaran da uwayensu suka sha ruwan suna da ciki. A 2012 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa TCE cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman ta ƙoda.

Mu a jihar Maraɗi wannan labari ba baƙo ba ne. A Tibirin Gobir ruwan foraj mai yawan fuliyor ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu ɗimbin yawa kafin a farga. Can gubar daga cikin ƙasa ta fito, ba daga masana'anta ba, amma sakacin ɗaya ne: an ba jama'a ruwa ba tare da awo a kai a kai ba.

Ina koya wa ɗalibaina cewa ruwa mai kyau ba shi da launi, ba shi da wari. Woburn ta nuna mini darasin bai cika ba. Duk wanda ke biyan kuɗin ruwa yana da haƙƙin tambayar magajin garinsa yaushe aka auna shi, me aka nema a ciki, kuma a ina aka liƙa sakamakon.