Daga Banɗaki Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Adon Da Ake Yi Wa Muryar Mawaƙi



A 'yan shekarun nan da wuya mu shiga wata unguwar Hausawa a kudu, daga Agege da Idi-Araba a Legas har Sabo ta Ibadan, ba mu tarar da matashin da ya mayar da ɗakinsa sitidiyo ba. Makirufo ɗaya daga kasuwar Alaba da tsohuwar kwamfuta, wani ma wayar hannu ce kawai. Wani waƙar biki yake yi, wani bege, wani ta siyasa. Sau da yawa yaro na da murya, amma in aka kunna waƙar sai a ji kamar daga cikin rijiya yake rerawa, ba a gane baiti ko ɗaya. Ango ya biya kuɗi, amma bai ji sunan amaryarsa ba, aiki na gaba kuwa sai ya tafi hannun wani. Maɓallan da yaran nan suke murɗawa kowanne da tarihinsa, kuma kowanne wata matsala aka ƙirƙiro shi ya magance. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya.

Makaɗanmu na dā irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata ba su da maɓalli ko ɗaya. 'Yan amshi ne suke ƙara wa murya kauri, idan kuma a cikin soron fada ake kiɗa, ginin da kansa yake mayar da sauti. A ƙasashen Turawa ma, kafin 1925 mawaƙi cikin wani babban mazurari yake rerawa, ƙarfin muryarsa ne yake motsa allurar da take zana faifai. In zai ɗaga murya sai ya ja da baya, in zai sassauta sai ya matso. Daga 1925 aka koma ɗaukar faifai da makirufo da lantarki, daga nan ne aka samu damar taɓa murya bayan ta fito daga baki.

Abu na farko shi ne rugugin ɗaki, wanda 'yan sitidiyo suke kira ribab. An lura cewa muryar da aka ɗauka a ɗakin da aka toshe da tsummoki takan fito a bushe. A 1947, a birnin Shikago, wani injiniya mai suna Bill Putnam ya ajiye lasifika a banɗakin sitidiyonsa, ya kunna sautin ƙungiyar Harmonicats a ciki, ya sa makirufo ya ɗauko rugugin bangon, sannan ya gauraya shi da asalin sautin. Faifan ya yi kasuwa sosai. Kamfanin Capitol da ya buɗe sitidiyonsa a Los Anjalas a 1956 har ɗakunan kankare ya gina a ƙarƙashin ƙasa, zurfin kusan ƙafa 30, don wannan aikin kaɗai. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da wani faranti na ƙarfe mai tsawon kusan mita 2, wanda ake girgiza shi da sauti ya ba da rugugi. Da akwatinsa nauyinsa ya kai kilo 270. Sai a 1976 kamfanin ya fitar da na'urar da take lissafa rugugin da ƙwaƙwalwar lantarki. Abin da za mu lura da shi a nan: duk waɗannan injiniyoyi suna riƙe busasshiyar muryar a gaba, rugugin kuma ɗan kaɗan suke zubawa a bayanta, kamar man shanu a kan tuwo.

Na biyu shi ne amsa-kuwwa, wato eko, wanda muka saba ji a lasifikar biki, inda mai sanarwa zai faɗi kalma ɗaya ta dawo sau huɗu. Asalinsa daga rikodar tef ne. Akwai 'yar tazara tsakanin kan da yake ɗauka da kan da yake kunnawa, don haka sautin yakan dawo a ɗan makare. Sam Phillips na birnin Memfis ya yi amfani da wannan a faya-fayan Elvis Presley na farko a 1954, maimaici ɗaya tak, gajere, don muryar ta cika. A shekarun 1970 mutanen Jamaika irin su King Tubby da Lee Perry suka mayar da eko abin kiɗa. Amma ko su a kan ƙarshen kalma ko bugun ganga ɗaya suke jefa shi, su bar shi ya tafi, sannan su rufe.

Akwai wasu na'urori biyu da ba don waƙa aka yi su ba tun farko. Ikwalaiza, wadda take rage kauri ko ƙara kaifin murya, daga aikin wayar tarho ta fito, domin sauti yakan dushe a doguwar waya, sai aka nemi hanyar daidaita shi. Kwamfiresa kuma gidajen rediyo ne suka fara buƙatarta a shekarun 1930, don kada ƙara mai ƙarfi ta fi ƙarfin na'urar watsa shiri. Aikinta ta danne inda murya ta yi sama, don a iya ɗaga inda ta yi ƙasa, wato ja da baya da matsowar da mawaƙin dā yake yi da ƙafarsa. Putnam ɗin nan dai shi ne ya ƙera wata shahararriyar kwamfiresa mai lamba 1176 a 1967, wadda har yau kwafinta ake sakawa a cikin manhajoji.

Duk wannan zamani kayan na manyan kamfanoni ne. A Najeriya EMI na da sitidiyo a Apapa, inda Paul McCartney ya zo ya ɗauki faifai a 1973, Decca kuma a Abule-Oja da ke Yaba. Makaɗin da yake son muryarsa ta hau faifai sai ya bi kamfani ko gidan rediyo. Ƙofa ta fara buɗewa talaka a 1979, da kamfanin Teac na Japan ya fito da Portastudio, rikoda mai ɗaukar layi 4 a kan kaset ɗin da muka sani. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya shigar da na'urorin gyaran sauti cikin kwamfuta a matsayin manhaja. Farantin nan mai kilo 270 ya koma abin da ake dannawa da yatsa.

Sai Auto-Tune a 1997. Andy Hildebrand, wanda ya ƙirƙiro ta, injiniya ne da ya yi aikin binciken man fetur da kamfanin Exxon, yana nazarin sautin da yake dawowa daga ƙarƙashin ƙasa. Da irin wannan lissafin ya gina manhajar da take gane inda murya ta kauce daga sautin da ya kamata, ta mayar da ita. Nufinsa a yi gyara a ɓoye, ba wanda zai ji. Amma a 1998 masu haɗa waƙar Believe ta Cher suka ƙure saurin gyaran, sai murya ta riƙa tsalle daga sauti zuwa sauti kamar ta inji. T-Pain ya mayar da hakan salonsa daga 2005, abin ya yi yawa har Jay-Z ya yi waƙar suka a kai a 2009.

A wajenmu, ta ƙofar fim abin ya shigo. Bayan Turmin Danya na 1990, sitidiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, waƙoƙin fina-finai irin su Sangaya suka mamaye kasuwa. Da kwamfuta ta wadata a shekarun 2000, siririyar muryar Auto-Tune ta zama tambarin waƙoƙin nanaye, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara wasu ya fitar a faifai mai suna Harafin So a 2013. Salo ne da ya zama namu, ba abin kunya ba ne.

Sai dai harshenmu yana da sharaɗi. Hausa da hawa da saukar murya take rarrabe ma'ana: kukan yaro daban da kukar miya, wuyan riga daban da wuyar rayuwa. Kuma mai sauraronmu baiti yake bi, shi ya sa har yau ake kunna Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa kaɗai. Idan aka saita Auto-Tune a kan ma'aunin da bai dace da kiɗan ba, sai ta ja gaɓa zuwa inda mawaƙi bai nufa ba. Idan rugugi ya yi yawa, sai ya haɗiye ƙarshen kalmomi.

Don haka ga abin da tarihin nan yake koya wa mai ɗauka a gida. A fara da ɗaki: a kashe fanka, a jira janaretan maƙwabci ya yi shiru, a jingina katifa, a rataya bargo a bayan mai rerawa, a bar kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirufo. Rugugin ƙaramin ɗakin siminti in ya shiga murya, fitar da shi sai an sha wuya. Bayan an ɗauka, in za a sa Auto-Tune a tabbatar da ma'aunin kiɗan tukuna, a kuma yanke shawara: gyaran ɓoye ake so ko salon inji. Sannan ikwalaiza ta yanke gurnanin ƙasa, abin da bai kai hazi 80 ba. Sai kwamfiresa daidai yadda kowace kalma za ta fito. Ribab da eko su zo a ƙarshe: a ɗaga har a ji su, sannan a ɗan rage. A kuma ajiye busasshiyar muryar daban, don gobe.

Billie Eilish da wanta Finneas a ɗakin kwanan gidan iyayensu suka ɗauki kundin da ya ci babbar kyautar Grammy a 2020. Ke nan ƙanƙantar ɗaki ba ta hana aiki kyau. Kafin yaranmu su tura wa mai biki waƙarsa, su kunna wa wata dattijuwa a gida ta ƙaramar lasifikar waya. Idan ta iya maimaita baitin farko, aiki ya yi. Idan ta ce "me yake cewa ne?", a koma a rage.

Allah Ya sa albarka a sana'ar kowa.